Salon Jan Rai da Labari Kashi-Kashi: Daga Rocambole Zuwa Adabin Kasuwar Kano

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya yi karatunsa na firamare da sakandare cikin Faransanci, kamar yadda ake yi a Garwa da Gider da Marwa a arewacin Kamaru, da wuya a ce bai taɓa cin karo da kalmar rocambolesque ba. 'Yan jarida kan yi amfani da ita idan wani abu ya auku mai kama da almara, misali a ce fursuna ya tsere daga kurkuku ta hanyar da hankali ba zai ɗauka ba. Abin da ɗalibai da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kalmar daga sunan mutum aka ciro ta, mutumin kuwa bai taɓa taka ƙasa ba. Rocambole tauraro ne a cikin ƙagaggun labaran wani marubucin Faransa mai suna Ponson du Terrail, wanda ya shafe shekara goma sha uku yana sakin labarinsa guntu-guntu a jaridun Faris.

Wannan takarda za ta ɗauki tarihin rubutun wannan marubuci a matsayin madubi, domin a duba wata ɗabi'a ta ƙagaggun labaran Hausa na zamani wadda kowa ya san da ita, amma ba a cika tsayawa a yi mata nazarin ƙwaƙwaf ba, wato raba labari ɗaya zuwa littafi na ɗaya da na biyu da na uku. A kundayen ɗalibai akan ambaci abin a layi ɗaya ƙarƙashin zubi da tsari, a ce littafin yana da kashi kaza da shafi kaza, sai a wuce zuwa jigo. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, wurin da marubuci ya yanke labarinsa yana daga cikin manyan abubuwan da ya kamata a auna gwanintarsa da su. Da “jan rai” ana nufin duk dabarar da marubuci ya yi don ya riƙe mai karatu cikin ɗoki ko fargaba, ya hana shi ajiye labarin.

2.0 Ponson du Terrail da Sana'ar Labarin Jarida

A shekarar 1836 aka kafa jaridu biyu a Faris, La Presse ta Émile de Girardin da Le Siècle ta Armand Dutacq. Sun karya kuɗin rajistar shekara daga faran 80 zuwa 40, da nufin su cike giɓin da kuɗin talla. Mai talla kuwa yawan masu karatu yake bi. Daga nan aka gano cewa babu abin da ke sa mutum ya nemi jaridar gobe kamar labarin da aka katse masa yau. Sai aka ware ƙasan shafi aka riƙa zuba labari kashi-kashi, abin da Faransawa ke kira roman-feuilleton. Eugène Sue ya girgiza ƙasar da Les Mystères de Paris tsakanin 1842 da 1843, Alexandre Dumas ya biyo da Les Trois Mousquetaires a 1844.

A cikin wannan kasuwa Pierre Alexis Ponson du Terrail ya tashi. An haife shi a 1829 a Montmaur, kudu maso gabashin Faransa, ya fara rubutu tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. A 1857 jaridar La Patrie ta fara buga labarinsa L'Héritage mystérieux, wato gādo mai ɓoyayyen asiri. Abin lura shi ne, Rocambole ba shi ne babban tauraron wannan labari ba. Ya shigo ne a matsayin yaro ɗan tasha, ɗan koren wani mugu da ake kira Sir Williams. Masu karatu ne suka ƙyalla ido suka gan shi, marubucin kuma ya bi son ransu. A labaran da suka biyo baya yaron ya girma ya fi ubangidansa iya sharri, ya yi sojan gona da sunan wani ɗan sarauta, ya kashe Sir Williams ɗin da hannunsa, har wata mata mai suna Baccarat, wadda ta tuba daga zaman kanta, ta tona masa asiri. Aka ƙona masa fuska, ya ƙare a kurkukun aikin wahala na Toulon.

A ƙa'idar labari, nan ya kamata a tsaya: mugu ya girbi abin da ya shuka. Amma kasuwa ba ta yarda ba. A 1865 Le Petit Journal, jaridar talakawa da aka kafa a 1863 ana sayar da ita santim biyar, ta fara buga La Résurrection de Rocambole, ma'ana tashin Rocambole. A nan ya fito daga kurkuku a tube, ya koma mai ƙwato wa marasa ƙarfi haƙƙinsu, da irin dabarun da a da yake cutar mutane da su. Haka aka ci gaba, daga Faris zuwa Landan, har yaƙin Faransa da Furusiya ya ɓarke a 1870. Ponson ya rasu a Bordeaux cikin Janairun 1871 yana da shekara 41, ya bar labarin ƙarshe, La Corde du pendu, ba a kammala ba. Ko mutuwarsa ba ta kashe tauraron ba, don wasu marubuta sun ɗauka sun ci gaba.

Ponson yana rubutu ne da gaggawa, sau da yawa yana ciyar da jarida fiye da ɗaya a lokaci guda. Saboda haka aka yi ta yi masa ba'a a kan tuntuɓen alƙalami da mantuwa. Har akwai labarin da ake bayarwa cewa yakan jera 'yan tsana a kan teburinsa, kowace tana wakiltar tauraro ɗaya, in ya kashe tauraro sai ya jefa 'yar tsanarsa a aljihun tebur don kada ya manta ya dawo da shi. Ko da a ce masu ba'a ne suka ƙaga wannan, ya nuna matsalar da ke tattare da sana'ar: mai rubuta labarin da aka riga aka fara sayarwa ba shi da damar komawa baya ya gyara.

3.0 Jan Rai a Rubutun Hausa Kafin Zuwan Kasuwa

Tatsuniya a zama ɗaya ake gama ta. Daga gatanan har ƙurunƙus babu inda mai bayarwa za ta ce wa yara su dawo gobe su ji yadda Gizo ya ƙare da Ƙoƙi. Dabarar katse labari da gangan ta fi fitowa a labaran da suka shigo ta hanyar Larabci, musamman Dare Dubu da Ɗaya, inda mai ba da labarin ke sayen ranta da guntun labarin da ta rage idan asuba ta yi.

Abubakar Imam ya san wannan dabara, amma a Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin littattafai uku tsakanin 1937 da 1939, ya juya ta ta wata fuska da ya kamata ɗalibi ya kula. A littafi na ɗaya aku ba ya katse labaransa. Kowane labari yana kai shi ƙarshe. Jan ran yana cikin babban labarin da ya ƙunshe ƙananan: Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ɗansa Musa na son ya sulale ya bi sawu, Waziri kuma ya ɗana masa tarko a waje. Duk daren da Musa ya yi ɗamarar fita sai aku ya ja shi da zance har gari ya waye. Ke nan mai karatu na jin daɗin labarin da ake bayarwa, a lokaci guda kuma zuciyarsa na kan ƙofar fada. Nan ma labari ne ke tsare rai, amma ran mai sauraro ake tsarewa, ba na mai bayarwa ba. Littattafan uku kuma kowane na iya tsayuwa da ƙafarsa. Wanda ya karanta na ɗaya kawai ba a bar shi da bashi ba.

Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko na shekarun 1930, ya kawo wani nau'in. Tun da Malam Shehu ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu da ƙarfin dukiya, Abubakar kuma ya shiga duniya neman abin ramuwa, mai karatu ya riga ya san masifa na tafe kan yaron da za a haifa. Yana kallon Kyauta na lalacewa, yana zama ɓarawo, har ya kai ga kashe mahaifinsa. Wannan jan rai ne na fargaba, inda mai karatu ya fi taurarin sanin abin da ke gaba. Ya bambanta da jan rai na son sani, inda ake ɓoye wa mai karatu wani abu, kamar wanda ya yi kisa ko asalin wani yaro tsintacce. Ponson ya fi dogara ga na biyun. Yana da kyau ɗalibi ya rarrabe su, domin na farkon yana jure maimaita karatu, na biyun kuwa da zarar an san amsa ya zama fanko.

Gasar da hukumar al'adu ta tarayyar Nijeriya ta shirya, wadda littattafanta suka fito a 1982, ita ta kawo labaran ta'addanci da bin sawu irin na zamani. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya shiga duniyar 'yan fasa-ƙwauri, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuma ya gina Mailoma, tauraron da ke kisa ba tausayi. Waɗannan sun fito ne a lokacin da matasan arewa masu ilimin boko ke rububin littattafan James Hadley Chase, marubucin Ingila wanda, abin mamaki, Faransawa ma suka runguma ta hanyar fassara. Amma dukkansu littafi guda ne cikakke, da madaba'a da edita a bayansu.

4.0 Yadda Kasuwa ta Raba Labari

Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amari ya sauya. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci sun samar da dubban matasa da matan aure masu iya karanta Hausar boko. A daidai lokacin kuma tattalin arziki ya karye, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, kamfanonin ɗab'i irin su NNPC ta Zariya suka koma ga littattafan makaranta da ke da tabbacin ciniki. Masu karatu sun yawaita, masu buga musu abin karantawa sun janye. Sai marubuta suka shiga buga wa kansu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed yana cikin na farko-farko, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, sannan ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka kafu a Kano.

A nan ne kashi-kashi ya samo asali, kuma dalilinsa a fili yake. Marubucin da ba shi da jari ba zai iya buga shafi ɗari uku a tashi ɗaya ba. Ko da ya iya, 'yar makaranta ko matar da ke tara kuɗin ƙuli-ƙuli ba za ta iya saye ba. Mafita ita ce a yanka labarin: a buga siririn littafi na ɗaya a kan takarda mai araha, a kai wa 'yan kasuwa, abin da ya dawo a buga na biyu da shi. Don haka shafin ƙarshe na littafi na ɗaya shi ne tallar na biyu. In bai kama mai karatu ba, na biyun ba zai ga hasken rana ba.

Kamar da ke tsakanin wannan da abin da ya faru a Faris ba ta ɓuya. Amma bambance-bambancen sun fi amfani ga mai nazari. Ponson ma'aikaci ne, jarida ke biyansa, labarinsa kuma jaridar yake sayarwa. Marubucin Kano shi ne mai rubutu, shi ne mai jari, sau da yawa shi ne mai bin dillalai bashi. Na biyu, tazarar Ponson kwana ɗaya ce. Ƙaramin abu ya isa ya riƙe mai karatu zuwa gobe: an ƙwanƙwasa ƙofa, an buɗe wasiƙa, wani ya cire abin rufe fuska. Tazarar Kano kuwa makonni ce ko watanni, gwargwadon yadda kuɗi suka dawo. Ƙwanƙwasa ƙofa ba za ta riƙe mutum wata uku ba. Dole yankan ya faɗo a kan abu mai nauyi, kamar ɗaurin aure ko saki ko haɗarin mota ko gadon asibiti. Wannan ne ya sa, a ganina, manyan masifu suka yi yawa a waɗannan littattafai. Masu suka kan danganta hakan ga kwaikwayon finafinan Indiya kaɗai. Tasirin Indiya gaskiya ne, Brian Larkin ya yi bayaninsa tun 1997, amma ko babu Indiya tsarin bugun da kansa yana neman masifa a ƙarshen kowane kashi.

Akwai kuma muryar mai karatu. Marubutan kan sa adireshinsu da hotonsu a bango, wasiƙu su yi ta zuwa, a buga wasu a littafi na gaba. Wanda ya rubuto yana roƙon kada a raba masoya, ko yana neman a hukunta kishiya, ya rubuto ne alhali labarin bai rufe ba. Irin wannan matsin ne ya ɗaga Rocambole daga ɗan kore zuwa tauraro.

5.0 Auna Yanka: Misalai Biyu

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, yana cikin littattafan da suka fi kowane karɓuwa a wannan zango. Sumayya 'yar masu hali ce, ta kamu da son Muhammad wanda ba shi da komai, gidansu kuma suka karkata ga Abdulƙadir mai kuɗi. Babu mai karatun da ke shakkar cewa a ƙarshe masoyan za su haɗu. Sunan littafin ma ya riga ya yi alkawari. To ina jan ran yake? Yana cikin tsadar da za a biya kafin a kai can, da kuma tambayar ko za a kai ba tare da an saɓa wa iyaye saɓawar da mai karatu Bahaushe ba zai yafe ba. Faɗawar Sumayya rijiya ita ce ƙololuwar wannan. An soki marubucin a kanta ƙwarai, an ce yana koya wa 'yan mata kashe kai. Ta fuskar tarbiyya ana iya muhawara. Ta fuskar gini kuwa, rijiyar tana aiki biyu: tana tsayar da numfashin mai karatu, tana kuma sauya matsayin iyayen, domin daga wannan lokaci tambayar ta tashi daga wa za ta aura ta koma ko za ta rayu. Yarinyar da ba ta da bakin musu a gaban manya ta yi magana da jikinta. Wannan masifa ce da ta tsiro daga cikin rikicin labarin, ba a jefo ta daga sama ba. Rauninsa, in za a faɗa, yana wajen warwara, inda al'amura ke daidaita cikin sauƙin da ya fi na rayuwa.

Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, ya bi wata hanya. An cire Abu daga makaranta, saurayin da take sa rai ya guje ta don ba ta da ilimi, aka aurar da ita tana ƙarama ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta ya yi jika da ita. Ta gudu, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Sunan littafin tambaya ce, tambayar kuma ita ce igiyar da ke ɗaure kashin farko da na biyu. Gwanintar marubuciyar ita ce, kafin a kai ƙarshe tambayar ta juye: wadda aka ce ba mai aurenta ita ke zaɓe. Mai karatun da ya sayi na biyu don ya ji sunan miji ya tarar an ba shi abin da ya fi haka. Wannan shi ne biyan bashi da riba.

Daga waɗannan misalai za a iya fitar da ma'auni. Yanka alkawari ne. Abin tambaya shi ne ko haɗarin da aka bar tauraro a ciki ya fito daga halayensa da rikicin da aka gina, da kuma ko kashi na gaba ya fuskanci haɗarin ko ya zille masa. Inda aka fi faɗuwa ke nan. Littattafai da dama kan rufe kashi na ɗaya da mota ta wuntsila, a buɗe na biyu da kowa ya fito ba ko ƙwarzane, ko a ce ashe mafarki ne. Wannan cin amanar mai karatu ne, kuma irin laifin da aka fi kama Ponson da shi ke nan, wanda ya sa sunan tauraronsa ya zama kalmar da ke nufin abin da hankali ba zai ɗauka ba.

Laifi na biyu shi ne cikon shafi. Labarin da kashi biyu ya ishe shi sai a ja shi zuwa huɗu, a cika da gaishe-gaishe da lissafin akwatunan lefe da sunayen atamfofi da abincin da aka jera a tebur. Sai dai a nan ina ganin ya kamata a yi hattara. Ba duk lissafin lefe ne ciko ba. A littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, alal misali, ado da girki da iya zama da miji suna cikin abin da masu karatunta ke nema, kuma makamai ne da taurarinta mata ke yaƙi da su. Gwajin mai sauƙi ne: a cire sakin layin a ga ko wani abu ya ragu daga fahimtarmu ta tauraro ko ta rikici. In babu abin da ya ragu, ciko ne.

Akwai wani abu guda da Kano ba ta ɗauka ba, kuma rashin ɗaukarsa na da ma'ana. Faransa ta saba da tauraro ɗaya mai dawowa a littafi bayan littafi: Rocambole, sannan Arsène Lupin na Maurice Leblanc daga 1905, har zuwa Malko Linge na jerin SAS, wanda Gérard de Villiers ya rubuta littafi 200 a kansa tsakanin 1965 da 2013, waɗanda kuma suka cika teburan masu sayar da tsofaffin littattafai a ƙasashen Afirka rainon Faransa. A rubutun Hausa ba kasafai ake samun haka ba. Labari na iya kai kashi biyar, kamar yadda littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini ke yi, amma in ya ƙare ya ƙare. Dalili, a nawa fahimtar, shi ne buƙatar sakayya. Mai karatun Hausa na jiran ranar da azzalumi zai ga abin da ya shuka, marubuci kuma na kare kansa daga zargi da cewa ya rubuta ne don faɗakarwa. Mugun da ake ajiyewa da rai domin ciniki na gaba ya karya wannan yarjejeniya. Mailoma na da duk abin da ake buƙata don ya zama Rocambole na Hausa, amma sunan littafinsa ya riga ya yanke masa hukunci tun daga bango.

6.0 Masu Suka

A 1839 mai sukar adabi Sainte-Beuve ya wallafa maƙala a Revue des Deux Mondes inda ya laƙaba wa irin wannan rubutu sunan adabin masana'anta. A 1850 majalisar Faransa ta ɗora harajin santim ɗaya a kan kowace jarida mai ɗauke da labari kashi-kashi, bisa hujjar cewa yana ɓata jama'a. A wajenmu, Ibrahim Malumfashi ne ya yaɗa laƙabin Adabin Kasuwar Kano a farkon shekarun 1990, yana kwatanta shi da na kasuwar Onitsha. Abdalla Uba Adamu ya tsaya a ɗaya ɓangaren, aka yi ta fafatawa a shafukan jaridu. Hukuma ma ta shigo: an kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, an ƙona littattafai a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu a 2007, a 2008 kuma aka yi ja-in-ja da marubuta kan batun rajista da tace rubutu.

Malumfashi ya yi gaskiya da ya sa kasuwa a tsakiyar zancen, domin duk abin da aka bayyana a sama ya nuna cewa har cikin ginin labarin hannun kasuwa ya kai. Inda hujjar ke da rauni shi ne ɗaukar cewa abin da kasuwa ta haifa ba zai yi inganci ba. Jaridun da suka buga Ponson irinsu ne suka buga Dumas da Balzac, kuma yau ba mai cewa Le Comte de Monte-Cristo ba adabi ba ne don an fara sakin sa guntu-guntu. Masu kare littattafan su ma sun fi jingina ga cewa sun koya wa mata da matasa son karatu, kuma sun tono matsalolin aure. Wannan gaskiya ce, sai dai amsa ce ta ilimin zamantakewa. Ba ta gaya mana wane littafi ya fi wane ba. Muhawarar ta daɗe tana yi wa ɗaruruwan littattafai kuɗin goro, ko dai a yabe su duka ko a kushe su duka, alhali aikin mai nazari shi ne ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya.

7.0 Inda Aka Kwana, da Jinga

Siririn littafin kasuwa ya ja baya, amma kashi-kashi ya ƙara ƙarfi. Marubuta da yawa yanzu suna sakin labari shafi-shafi ta WhatsApp da Wattpad, a ba da farkon kyauta, in an kai inda rai ya rataya a ce sai an biya. Ana karanta wasu da murya a YouTube. A talabijin kuma ga Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na tashar Arewa24, ga Labarina na Aminu Saira wanda ya fara a 2020, kuma cikin masu rubuta irin waɗannan shirye-shirye akwai tsofaffin marubutan littattafai kamar Nazir Adam Salih. Da wannan, tazarar ta dawo kwana ɗaya ko mako ɗaya, sharhin masu karatu kuma na isowa cikin mintuna. Wato marubucin Hausa na yau ya fi na 1991 kusa da halin da Ponson ya yi aiki a ciki, da gaggawarsa da mantuwarsa da matsin masu cewa a dawo da wane.

Ɗalibin da ke jin Faransanci yana da wata dama a nan da takwaransa na Kano ko Zariya ba shi da ita. Ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya sa tsofaffin fitowar Le Petit Journal a rumbunsa na intanet mai suna Gallica, inda za a ga labarin Rocambole a ƙasan shafi kamar yadda mai karatun 1865 ya gan shi. Aikin da ake so shi ne, kowane ɗalibi ya karanta fitowa biyar a jere, ya rubuta a kan me aka tsaya kowace rana da yadda aka tashi washegari. Sannan ya ɗauki littafin Hausa ɗaya mai kashi biyu ko fiye, ya ware shafuka uku na ƙarshen kashi na ɗaya da ukun farkon na biyu, ya bayyana wane irin jan rai aka yi amfani da shi, na fargaba ko na son sani, daga ina haɗarin ya fito, kuma shafi nawa marubucin ya ɗauka kafin ya fuskance shi. Kada aikin ya wuce shafi huɗu, kuma a kawo littafin da aka yi amfani da shi aji ranar tattaunawa.